Da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

Sharhinmu na yau a kan mutumin da abinci ke gabansa ne amma ya kasa ci. Ina nufin mai ciwon daji a baki, ko a harshe, ko a maƙogwaro, ko can bayan hanci. Likitoci suna haɗa waɗannan wuri guda, su ce ciwon dajin kai da wuya. Magana ɗaya na zo da ita, kuma zan yi ta nanata ta har mu rabu. Ga mai wannan ciwo, abinci ɓangare ne na magani. Ranar da likita ya gano ciwon, ranar ya kamata a fara jinyar cikin majiyyacin. Idan aka bari sai ya rame, an makara, kuma makarar tana iya cinye duk wahalar da aka sha wajen neman maganin.

Mu fara daga gida. Gadarif rumbun Sudan ce. Tun shekarun 1940 da aka fara noman inji a Gadambaliya, dawar wannan ƙasa take ciyar da garuruwan da ba su taɓa ganin baƙar ƙasarmu ba. Riɗinmu yana tsallaka teku. A irin wannan gari ne za ka ga dattijo yana ramewa kamar wanda fari ya ritsa da shi, alhali buhun dawa na jingine a ɗakinsa. Dalilin a fili yake. Duk abin da zai shiga ciki, ta baki da maƙogwaro zai bi. To a kan wannan hanya ciwon yake zama. Gyambo a gefen harshe yakan mayar da tauna azaba. Ƙari a maƙogwaro yakan matse hanyar, loma ta tsaya. Wani muƙamuƙinsa ne ke ƙagewa, har yatsa biyu ba sa shiga tsakanin haƙoransa. Kuma abin ba ya zuwa rana ɗaya. Da farko mutum zai bar agashe, ya ce haƙori ne. Sai ya bar kisra, ya ce ta cika tsami. Sai ya koma asida da miya mai ruwa. Daga nan sai kunu. Daga ƙarshe sai shayi, shi ma rabin kofi. Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Mu mutane ne masu cin abinci tare, hannuwa da yawa a faranti ɗaya. Mutumin da yawu ke zubo masa, ko bakinsa ke wari saboda gyambo, ko yake ƙwarewa a gaban baƙi, kunya takan janye shi daga farantin. Zai ce ya riga ya ci. Zai ce a ajiye masa. Daga ranar da ya bar farantin jama'a, ba mai sanin loma nawa ta shiga cikinsa.

To, ku biyo ni, domin toshewar hanya rabin labarin ce. Ciwon daji yana kuma sauya yadda jiki ke sarrafa abinci. Yana tayar da wani irin kumburi a jini wanda ke kashe sha'awar ci, yana kuma sa jiki ya riƙa narka tsokarsa. Shi ya sa za ka ga gefen goshi ya lotsa, ƙashin kafaɗa ya fito, cinya ta zama kamar sanda. Binciken asibitoci a ƙasashe da dama ya nuna cewa daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabin masu wannan ciwo sun riga sun shiga tamowa tun ranar da aka gano shi. Wannan a wuraren da ake zuwa asibiti da wuri ke nan. A Sudan yawancin masu ciwon daji sai ciwon ya yi nisa suke isa hannun likita. Kuma ciwon dajin baki ba baƙo ba ne a ƙasar nan, saboda tumbak. Kowa ya san shi. Garin taba ne da ake cuɗawa da atrun, wato kanwa, a dunƙula saffa a cusa tsakanin leɓe da dasashi. Tun shekarun 1990 binciken Farfesa Ali Idris da abokan aikinsa ya nuna cewa gubar da ke haddasa ciwon daji a cikin tumbak tana cikin mafi yawa da aka taɓa aunawa a kowace irin taba. Sau da yawa kuma a daidai gurbin da mutum ya saba ajiye saffarsa gyambon ke fitowa. Mai shi zai yi watanni yana shafa magani, yana kuskure baki da ruwan gishiri, yana rage ci. Kafin ya isa asibiti, wandonsa ya riga ya yi masa yawa.

Yanzu mu juya ga maganin kansa, domin a nan ne mutane da yawa ba su da labari. Ana yaƙar wannan ciwo da tiyata, ko da gashi na na'ura, ko da ƙarin ruwan da muke kira kimawi, ko a haɗa. Dukkansu suna ƙara wahalar ci kafin su kawo sauƙi. Mu ɗauki gashi. Ana yin sa kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai. Makon farko majiyyaci ba ya jin komai, har ya ce ashe abin da sauƙi. Wajen mako na biyu zuwa na uku sai cikin baki ya yi ja, ya fara salewa. Haɗiyar yawu kaɗai sai ta zama kamar haɗiyar garwashi. Hasken na'urar yana taɓa wuraren da ke samar da yawu, sai baki ya bushe, ko yawun ya yi kauri yana jan zare kamar miyar kuɓewa. Ɗanɗano ya tafi. Nama ya koma kamar tsumma a baki, shayi mai sukari ya koma kamar ruwan ƙarfe. Idan aka haɗa da kimawi, ga tashin zuciya ga amai. Kuma wannan wahala ba ta ƙarewa ranar da aka gama gashi. Takan kai ƙololuwa a ƙarshen jinyar da mako ɗaya ko biyu bayanta, lokacin da majiyyaci ya riga ya koma gida, nesa da likita. Ku lura da abin da wannan ke nufi. Mutumin da ya shiga gashi a rame, an tura shi ne ya ratsa daji mai nisa ba guzuri.

Wani zai ce, to ai rama ba ta kisa, idan ya warke zai mayar da jikinsa. A nan nake so mu tsaya sosai. Kafin a fara gashin kai da wuya, ana ɗumama wata roba mai raga, a ɗora a fuskar majiyyaci da wuyansa, ta sandare daidai da siffarsa. Da ita ake ɗaure kansa a kan gadon na'ura kowace rana, domin hasken ya sauka daidai inda aka auna, ya kauce wa laka da sauran wurare masu haɗari. Idan mutum ya zube a tsakiyar jinya, robar sai ta yi masa yawa. Kai ya fara motsi a ciki. Dole a tsaya, a sake awo, a sake lissafi. Idan kuma ya galabaita har ya kasa tashi, dole a ɗaga masa kwanaki. Ciwon daji kuwa ba ya hutawa a ranakun da aka huta. Likitocin gashi sun daɗe da tabbatar da cewa kowace rana da aka ƙara a kan wa'adin jinyar tana rage damar murƙushe ciwon. Haka kimawi. Maganin da aka fi haɗawa da gashi, sisfilatin, yana wahalar da ƙoda. Wanda ba ya shan ruwa isasshe, ƙodarsa ba za ta ɗauka ba, sai likita ya rage ko ya soke. Wanda aka yi wa tiyata kuma, da abinci jikinsa zai ɗinke ciwon. Idan babu, ɗinki ya warware, ƙwayoyin cuta su shiga. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maganin yana can ƙasan rijiya, mai nauyi ne, kuma majiyyaci da kansa zai jawo shi. Shi ya sa na ce abinci ɓangare ne na magani.

Yaƙi ya ƙara wa wannan magana nauyi a nan Gadarif. Kafin 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙin ya ɓarke, mai bukatar gashi Hartum yake nufa, Asibitin Zarra, wanda aka buɗe a 1967, ko kuma Cibiyar Ciwon Daji ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, wadda ta fi kusa da mu. Yaƙi ya rufe na Hartum. A Disambar 2023 Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, ta zauna a hannunsu har Janairun 2025. A wannan tsakani majiyyata suka kwararo Gadarif tare da sauran masu gudun hijira, Cibiyar Gabas ta jinyar ciwon daji ta cika ta batse. A lokacin ana samun kimawi a nan idan magani ya samu, amma mai bukatar gashi sai ya kama hanyar Marawi, can arewa, ta Kassala da Haya da Atbara. Ku kwatanta wannan tafiya ga mutumin da ruwa ma da ƙyar yake wuce masa. Abincin tasha burodi ne da ful da ta'amiya, ba wanda zai iya haɗiya. Ya isa, ya shiga layi, ya kama ɗakin haya na wata biyu. Iyali sun sayar da riɗi, sun sayar da akuya, wata ta sayar da ɗan zinarinta. An lissafa kuɗin mota, da na ɗaki, da na magani. Abu ɗaya da ba a cika sa wa a lissafin ba shi ne abin da majiyyacin zai iya haɗiya a waɗannan makonni, da wanda zai dafa masa. Alhali a kan wannan ne sauran kuɗin duka suka rataya.

Mene ne shaidar cewa kula da ci yana canza wani abu? Ga guda ɗaya mai amfani gare mu. A 2005 wata likita a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, Paula Ravasco, da abokan aikinta suka wallafa gwajin da suka yi a kan majiyyata 75 masu wannan ciwo da ke karɓar gashi. Sun kasa su uku. Kashi ɗaya aka zauna da kowannensu ana tsara masa yadda zai ci abincin da ya saba, gwargwadon halin bakinsa. Kashi na biyu aka ba su abin sha na gwangwani mai gina jiki. Na uku aka bar su su ci yadda suka ga dama. Waɗanda aka bari haka nan suka fi kowa tagayyara. Bayan wata uku da gama gashi, waɗanda aka koya wa sarrafa abincin gida su ne suka riƙe cinsu, suka fi jin daɗin jikinsu, har sun ɗara masu gwangwani. Wannan albishir ne ga talaka. Abin da ya yi aiki shi ne kulawa da wuri, da bibiya mako mako, da tukunyar gida. Bibiyar kuwa da mizani take farawa. Mun ce ido ba mudu ba, ya san kima. A nan ido yana yaudara. Wanda ke ganin mutum kullum ba ya lura da ramarsa, jalabiya da tobe kuma suna rufe jiki. A kasuwar amfanin gona ta garin nan ba mai sayen kintar ɗin riɗi da ido, sai an ɗora a mizani. Majiyyaci ya fi riɗi cancantar awo. A auna shi ranar farko, a rubuta. A sake aunawa kowane mako. Mai kilo 60 da ya rasa kilo 3 cikin 'yan watanni ba da niyya ba ya riga ya kai iyakar da likitoci ke ɗauka alamar haɗari.

Yanzu bari mu saurari masu ja da wannan magana, domin suna da yawa, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Akwai masu cewa idan ka ciyar da majiyyaci, ciwon kake ciyarwa. Sai a hana shi sukari, a hana shi nama da madara da ƙwai, a bar shi da ruwan ganye, wai a kashe ciwon da yunwa. Saƙonni irin wannan suna yawo a WhatsApp, wasu har da sunan likita. Akwai ɗan gaskiya a gindin maganar. Kusan shekara ɗari ke nan da wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin ciwon daji suna zuƙar sukari fiye da sauran. Amma jiki ba ya barin sukarin jini ya ƙare, domin ƙwaƙwalwa da shi take aiki. Idan ba ka ba shi ta baki ba, zai narka tsokarka ya ƙera. Ciwon zai samu rabonsa ko ka ci ko ba ka ci ba. Wanda ke kwana da yunwa shi ne majiyyacin. Ba a taɓa nuna cewa horon yunwa yana warkar da ciwon dajin baki ko na maƙogwaro ba. An nuna, sau da yawa, cewa ramammen majiyyaci ya fi kasa kammala jinya. Mai ciwon sukari kuwa zai tsara nasa cin da shawarar likita, shi ma tsarawa zai yi, ba zai daina ci ba.

Masu ja na biyu maganarsu ta fi ciwo, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa, kana maganar abinci mai gina jiki a ƙasar da aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam a Agustan 2024, a garin da iyalai suka kwana a azuzuwan makaranta, ga tsadar da ta hana masu lafiya ma cin nama. Gaskiya ne. Amma ku duba abin da mai ciwon nan yake bukata. Yana bukatar abu mai laushi, mai santsi, wanda kaɗan ɗinsa ke ɗauke da ƙarfi mai yawa. Kusan duk wannan ƙasarmu ce ke noma shi. Matsalar kunun da muke ba majiyyaci ita ce ruwa ne zalla. Nasha ko tsararon kunu yana cika ciki, amma ba ya riƙe jiki. Wannan kofin dai, idan aka dama shi da madara a maimakon ruwa, aka zuba cokalin man riɗi, aka narka cokalin dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ƙarfinsa ya ninka, girmansa bai ƙaru ba. Godo-godon da iyayenmu mata ke damawa da gero da nono, idan aka dama shi da laushi aka tace, abincin jinya ne, muddin nonon bai yi tsami ba. Adas da aka dafa ya narke aka tace ta rariya yana maye gurbin nama. Ƙwai dafaffe da aka murje cikin miya, da ɗahaniya da aka narka a madara mai ɗumi, da kabewa, da ayaba cikin zabadi, duk suna wucewa. Miyar waika, busasshiyar kuɓewarmu, santsinta yana taimakon busasshen baki ya tura asida mai ruwa ruwa. Abin da za a janye shi ne mai ƙona gyambo. A ajiye shatta, wato barkono. A ajiye lemon tsami, da karkade, da tsamiya, har baki ya warke. Kada abinci ya yi zafi, a bari ya huce. Kuma a bar jiran lokacin cin abinci na gida. Rabin kofi duk bayan awa biyu ya fi kwano guda da za a ajiye masa da rana ya kalla ya kau da kai. Tumbak da sigari kuwa, barinsu a wannan lokaci wajibi ne, domin suna ƙara ƙunar baki, sigari kuma yana rage amfanin gashin.

Akwai abubuwa biyu da mai jinya zai sa wa ido a nan. Na farko zafi. Mutum ba zai ci ba idan kowace haɗiya azaba ce, kuma jarumtaka ba ta maganin wannan. A gaya wa likita, a nemi maganin zafi, a ba shi kamar rabin awa kafin abinci. A riƙa kuskure baki sau da yawa a rana da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri da bakin soda na kanti, ban da kanwa. Idan aka ga fari fari kamar gudajin nono a harshe, wata cuta ce ta hau, tana da magani mai sauƙi. Na biyu ƙwarewa. Idan majiyyaci yana tari duk lokacin da ya sha ruwa, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure, to abin yana ɓallewa zuwa huhu. Wannan yana kawo ciwon huhu mai kisa. A zaunar da shi sosai, kada a ɗura masa yana kwance, a ɗan kaurara abin sha, kuma a kai maganar asibiti ba da jinkiri ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da iyalai suka fi tsoro, wato robar abinci. Siririn tiyo ne da ake zurawa ta hanci zuwa ciki, ko wanda ake sawa kai tsaye ta fatar ciki. Da likita ya ambace ta sai gida ya ɗauki kuka, a ce an sallama shi. Na fahimci tushen tsoron. An saba ganin roba a hancin wanda ke gargara, sai aka haɗa ta da mutuwa. To amma me ya sa aka saba ganinta a hancin mai gargara? Domin sai a ƙarshe ake yarda a sa. Ga mai ciwon kai da wuya, cikinsa lafiya lau yake, hanjinsa yana aiki. Ƙofa ce ta toshe. Idan gada ta karye da damina, ba a barin ƙauye da yunwa, ana zagayawa ta wata hanya har a gyara. Ga da yawa, robar nan ta 'yan makonni ce, a cire bayan baki ya warke. Ana iya zuba abincin gida ta cikinta idan an markaɗa an tace sosai, an kiyaye tsabta, an wanke ta da ruwa bayan kowane ci. Tana da nata haɗari, gaskiya ne. Takan toshe, takan goce, shi ya sa ma'aikacin lafiya ne zai sa ta, ya koya wa mai jinya. Kuma ko da roba, ana so majiyyaci ya ci gaba da haɗiyar ɗan abin da zai iya idan likita ya yarda, don kada maƙogwaro ya sandare. Wanda ya yi kwanaki da yawa bai ci komai ba kuma, ba a cika masa ciki rana ɗaya. Hakan yana rikita gishirin jini har ya taɓa zuciya. A hankali ake farawa, a gaban likita.

Ba zan ɓoye muku iyakar wannan magana ba. Abinci ba ya warkar da ciwon daji. Yana riƙe mutum ne har magani ya yi aikinsa. Idan ciwon ya yi nisan da magani ya daina amfani, jiki yakan ƙi abinci ko ta wace hanya aka kawo shi. A wannan hali, tilasta wa majiyyaci ci wahala ce kawai, da faɗa tsakaninsa da masu ƙaunarsa. Abin da ya rage shi ne jiƙa masa baki, da ba shi ɗan abin da ransa ke so, da zama kusa da shi. Kada wata uwa ko wata mata ta ɗora wa kanta laifi cewa girkinta ne ya gaza. Amma kada kuma a ɗauki hukuncin ƙarshen hanya a ɗora wa wanda ke farkonta. Haka batun azumi. Dattijo mai tsoron Allah yakan ji nauyin shan ruwa da rana a Ramadan ko yana tsakiyar gashi. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, malamanmu sun sani. Kalma ɗaya daga limamin unguwa takan yi abin da likita ya yi mako yana roƙo.

Ga asibitocinmu da ƙungiyoyin agaji ma akwai magana. Jihar nan ta ƙware wajen gano tamowar yara. Ana zagaya damtsen yaro da ɗan tef mai launi, a san halinsa nan take. Masu jinyar kala-azar a yankunanmu sun daɗe da sanin cewa allura da abinci tare suke tafiya. Babba mai ciwon daji ne ya faɗa tsakani, ba ya cikin shirin yara, ba ya cikin na masu juna biyu. Mizani ɗaya a ƙofar ɗakin kimawi, da ma'aikacin abinci guda da zai zauna da mai jinya minti goma, ba su kai kuɗin kwalbar magani ɗaya ba. Masu hannu da shuni da ke fitar da zakkar dawa da riɗi bayan girbi, ga wata ƙofa kusa da ku. Galan ɗin man riɗi da madarar wata guda ga gidan da ke jinyar irin wannan ciwo suna iya zama abin da zai kai mutum ƙarshen gashinsa.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Idan akwai wanda gyambon bakinsa ya wuce mako uku bai warke ba, ko muryarsa ta dishe ta ƙi dawowa, ko ƙullutu ya fito masa a wuya, ko hanci ɗaya ya toshe yana fitar da jini, a kai shi asibiti cikin makon nan. Idan kuma an riga an gano ciwon, ku je da tambaya a bakinku: kilo nawa yake yau, me zai ci idan baki ya sale, wa za mu kira idan ya daina haɗiya? Ke kuma baiwar Allah da ke tashi da asuba kina dama kunu kina tacewa, kina dawowa da kofin rabi, sannu da ƙoƙari. Rabin da ya sha ya shiga. Ki ƙara masa cokalin mai, ki sake kawowa bayan awa biyu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.